Kyamarar bidiyo ta gida da kuɗi kaɗan, wacce ya kamata in saya?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya kamar haka: "Salam. Ɗana zai yi saukar Alƙur'ani bayan sallah, ga bikin ƙanwata ma yana tafe, ina so in mallaki 'yar kyamarar bidiyo tawa ta gida in huta da roƙon mutane su turo min abin da suka ɗauka a waya. Kuɗin hannuna ba yawa. Na ga wata a intanet sabuwa fil a kwali, an rubuta 4K da 48MP, har da makirfo da rimot, kuma kuɗinta ko na tsohuwar Sony bai kai ba. In saya ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya, ita kuma ƙanwar tamu Allah ya ba su zaman lafiya. Bari in fara da waccan da ka gani a intanet tunda ita ce ta tsole maka ido: kar ka saya. Na daɗe a harkar ɗaukar bidiyon biki da taro, tun lokacin da muke saɓa Panasonic M3500 a kafaɗa mai cin kaset ɗin VHS, har muka koma MD10000 mai ƙaramin kaset, har zuwa yanzu da komai ya koma kan mimori, kuma irin wannan kyamarar da kake faɗa an sha kawo min ita in duba. Ba ta da sunan kamfanin da aka sani, jikinta sakayau kamar ba komai a ciki, idan ka buɗe ta 'yar sensa ce, wato allon da yake kama hoto, irin ta tsohuwar waya aka liƙa a bayan gilashi, hoton da take ɗauka ƙarami ne sai manhajar ciki ta ja shi ta buɗa shi har ya kai girman 4K a lissafi, amma a ido dishi-dishi ne, kuma da mutum ya motsa sai ka ga hoton yana tsalle-tsalle. Wani bawan Allah ya taɓa kawo min tasa bayan sunan 'yarsa ransa a ɓace, muka saka a talabijin, fuskar jaririyar kamar an shafa mata toka, muryar liman kuwa kamar daga cikin rijiya, wayar da ke aljihunsa a lokacin ta fi ta kyan hoto nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, kuma a nan gaskiya ne ƙwarai.

Hanya mafi sauƙi ta gane irinsu ita ce ka duba maganar zum. Kyamarar gaske za ka ga an rubuta Optical Zoom a jikinta da lamba, 20x ko 30x ko 32x, ma'ana gilasan da ke ciki ne suke matsawa gaba da baya su jawo maka abin da ke nesa ba tare da hoton ya lalace ba. Ita jabun abin da za ka gani shi ne 16x ko 18x Digital Zoom kawai, wato yanko tsakiyar hoton take yi ta ƙara masa girma, irin yadda kake buɗa hoto da yatsu biyu a waya ya fashe. Duk kyamarar da ba ta da optical zum ba ta da abin da za ta ba ka wanda wayarka ba ta riga ta ba ka ba. Ita kuma maganar 48MP ka manta da ita gaba ɗaya, bidiyon Full HD ɗin da muke kallo 1920 ne sau 1080, megapiksel 2 kenan da ɗan ɗoriya, 4K ɗin kansa bai wuce 8 da 'yan kai ba, to me bidiyo zai yi da 48?

Kafin mu je ga wacce za ka saya akwai tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo min da wannan magana, wato me wayarka ta kasa yi maka? Domin gaskiya idan cikin falo ne, yara suna wasa, minti biyu minti uku, waya mai ɗan kyau ta wadatar, wani lokacin ma da daddare ta fi ƙananan kyamarori haske. Amma abin da ka lissafa ba irin wannan ba ne. Ranar sauka kai kana can baya cikin iyaye, yaro yana gaba riƙe da allo, tsakaninku akwai layin kujeru goma, ba za ka tashi ka ratsa malamai ka je ka tsaya a kansa ba. A nan ne zum na gaske yake aiki, kana zaune a wurinka ka cika sikirin da fuskarsa. Sannan taron zai kai awa uku, waya idan ta yi rabin awa tana ɗauka a zafin watan Afrilu na Kano sai ta ɗau zafi ta rage hasken sikirin ko ta tsaya da kanta, ga kira yana shigowa, ga wuri ya cika. Kyamara kuwa don wannan aka ƙera ta, ka kafa ta ka danna ka bar ta har sai batir ya ƙare ko mimori ya cika. Haka ranar hawan sallah, in kana son ganin adon dokin da ke tsallaken titi ba tare da ka shiga turmutsutsu ba. Saboda haka kai dai kana da dalilin saye.

Shawarata a taƙaice: ka nemi ta hannu mai lafiya, Full HD, daga ɗaya cikin kamfanonin nan uku, Sony ko Panasonic ko Canon, wacce take ɗauka a kan mimori. JVC ma suna da masu kyau amma batirinsu da cajarsu sun fi wahalar samu a wajenmu shi ya sa ba na saurin tura mutum can. Kuma kada ka zuba duk kuɗin a kan kyamarar, a duk naira goma da ka tanada bakwai ce ta kyamara, ukun ka ajiye wa batir na biyu da mimori da ƙafar kafawa, zan dawo kan wannan don a nan mutane suka fi faɗawa rami.

Ga waɗanda na riƙe da hannuna kuma na san halinsu. Sony HDR-CX405 ta fito a 2015, lokacin tana sabuwa dala 200 ce da ɗan wani abu, kuma ita ce ka fi cin karo da ita a kasuwa. Zum ɗinta 30x, ba ta da nauyi ko kaɗan, tana da wayar USB a maƙale cikin maɗaurin hannunta ta yadda ba ka neman wata waya don caji ko kwashe bidiyo, da rana tsaka hotonta fes. Aibinta biyu ne kuma sai ka san su kafin ka biya: ba ta da ramin saka makirfo na waje, sannan batirinta NP-BX1 ƙarami ne kuma cikin cikinta yake shiga, ba damar ka saka mata babba, a aikin gaske da zum da kashewa da kunnawa awa ɗaya da 'yan mintoci yake yi, dole sai da na biyu. Panasonic HC-V180 ita ma sa'arta ce, zum ɗinta ya kai 50x kuma tana riƙe hoto kada ya girgiza sosai, ita ma dai ba ramin makirfo. Canon Vixia HF R800 ta 2017 zum 32x, launin fatar mutum yana fita da kyau a cikinta, kuma tana da ramin makirfo, wanda a wannan farashin ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuma Allah ya hore ka ɗan ƙara, ko ka ci sa'ar samun ta da sauƙi, Panasonic HC-V770 ita ce zan ce ka runtse ido ka ɗauka. Zum ɗinta 20x ne kawai, kar wannan ya dame ka, ya ishe ka har ya yi yawa, abin da ta fi su da shi sensa ce babba da ramin makirfo da na abin sawa a kunne, kuma batirinta a baya yake maƙalewa, za ka iya cire VW-VBT190 ɗin da take zuwa da shi ka saka VBT380 mai ninkinsa. Haka Sony masu amfani da batirin NP-FV, akwai FV50 da FV70 da FV100, duk baki ɗaya ne girma ne ya bambanta.

Maganar sensa bari in ɗan tsaya a kanta don ita ce take raba kyamarar da za ta yi maka aiki a ɗakin taro da wacce sai a tsakar gida da rana. Sensa ita ce ɗan allon da haske yake sauka a kai a bayan gilashi, kamar faranti ne a ruwan sama, mai faɗi ya fi tara ruwa. Ana rubuta girmanta kamar haka, 1/5.8 ko 1/2.3, kuma abin da ke rikita mutane shi ne wacce lambar ƙasanta ta fi ƙanƙanta ita ce babba. CX405 da V180 duk 1/5.8 ne, V770 kuwa 1/2.3, bambancin ba kaɗan ba ne. Da rana ba za ka ga wani abu ba, amma da magariba ta yi, ko a shiga ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya, sai ka ga ƙaramar sensa ta fara kawo hoto mai yashi-yashi, baƙin mayafi ya koma kamar ana yayyafa masa gero. Idan ƙaramar ce kuɗinka ya kai, ba laifi, maganinta haske ne: ka sa a buɗe labule, ka tsaya taga tana bayanka ba tana gabanka ba, da daddare kuma 'yar fitilar LED mai caji ko biyu a haska bango fari hasken ya dawo kan mutane, ya fi a dalle musu ido kai tsaye.

Sai abin da 'yan kasuwa da yawa ba za su gaya maka ba, wasu ma ba su san shi ba. Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma kyamarori ana ƙera su ne daidai da wutar ƙasar da za a sayar. Wacce aka yi don Turai tana ɗaukar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, ta dace da mu. Wacce aka yi don Amurka 30 ko 60 take ɗauka, a hasken rana babu wata matsala, amma a ƙarƙashin dogon ƙwai ko ƙananan ƙwayayen LED masu araha sai ka ga hoton yana ƙyafta ido ko wasu layuka suna sauka a hankali. A Canon gane su ba wuya, Vixia ta Amurka ce, Legria ta Turai, iVIS ta Japan. A Sony da yawa daga cikin na Turai suna ƙarewa da harafin E, kamar CX240E, ko kuma ka shiga menu ka ga ko 50i da 50p aka rubuta ko 60i da 60p. Ban ce ta Amurka ba ta sayuwa ba, ni kaina na yi aiki da su shekaru, idan tana barin ka saita shota, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga a kowane hoto, ka kai ta 1/100 ƙyaftawar tana ɗaukewa, amma ƙananan nan ba duka ne suke ba ka wannan damar ba, don haka ka gwada ta a ƙarƙashin fitilar shagon kafin ka biya. Kuma ka kula da Sony ɗin da aka yi don cikin Japan, sau da yawa menu ɗinta da Japananci ne zalla ba a canzawa, za ka sha wahala ko da hotonta ya kai me.

Akwai waɗanda ko kyauta aka ba ka ba na so ka dogara da su ranar taro. Masu ƙaramin kaset na MiniDV, kaset ɗin minti 60 ne, samunsa yanzu aiki ne, kuma kwashe shi zuwa kwamfuta sai da wata waya da ake kira FireWire wacce laftof ɗin yanzu ba su da raminta. Masu ƙaramin faifan DVD su ma haka, kusan rabin awa faifan ya cika, kuma in ba ka kammala shi a cikin kyamarar ba, wato Finalize a menu, wata na'ura ba za ta karanta ba. Masu hard disk a ciki, wato ma'ajiya irin ta kwamfuta, kamar Sony DCR-SR sun tsufa, faɗuwa ɗaya ko ƙarar sifika mai ƙarfi tana iya tsayar da su, kuma yawancinsu ba HD ba ne. A Sony duk wacce sunanta ya fara da DCR tsohon hoto ne, HDR ce HD, FDR kuma 4K. Ita 4K ta gaske irin FDR-AX43 kyamara ce mai kyau amma ba ta mai ƙaramin kuɗi ba ce, kuma bayan kuɗinta tana cin mimori har wajen 45GB a awa ɗaya, ga ta da nauyi a kan kwamfuta, alhali ƙarshenta a waya da talabijin ɗin falo za a kalla.

Yanzu ranar saye. Ko a Kano ne wajen Beirut Road da Sabon Gari, ko Banex a Abuja, ko wani ne zai duba maka a Computer Village ta Ikeja ko Alaba, ƙa'idar ɗaya ce, gani ya kori ji, kar ka tura kuɗi a kan hoto. Ka tafi da mimorinka a aljihu. Ka saka ka danna ɗauka ka bar ta tana yi kamar minti 15 kuna hira da mai shago, don wata sai ta ɗau ɗumi take nuna halinta. Ka ja zum a hankali daga farko har ƙarshe ka dawo, kunnenka a jikinta, in ka ji ƙarar gurzawa ko ta tsaya a tsakiya ta yi tsalle to ƙura ta shiga ko ta taɓa faɗuwa. Ka kai zum ƙarshe a kan wani rubutu da ke tsallaken titi ka ga ko za ta kamo shi ya fito tar cikin daƙiƙa biyu, in tana ta kai da kawo ba ta tsayawa ka ajiye. Ka haska tocilan wayarka cikin gilashin ta gefe, ƙura ɗaya biyu ba komai, amma in ka ga wani abu fari kamar saƙar gizo-gizo a ciki wannan fumfuna ce, kayan da suka daɗe a ajiye a wuri mai laima suna yin ta, kuma ba ta gogewa daga waje. Ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai tabo, sannan ka rufe gilashin da tafin hannu ka ga ko akwai wani ɗigo ja ko kore da ya tsaya wuri ɗaya a cikin duhun. Sikirin ɗin ka buɗe ka rufe ka juya shi sau da yawa, in hoton yana ɗaukewa yana dawowa to siririyar wayar da ke cikin mahaɗin sikirin ta kusa tsinkewa, wannan ita ce cutar da ta fi kashe ƙananan kyamarori. Ka ciro batir ka ɗora a kan tebur, in ya kumbura yana lilo a canza maka. A ƙarshe ka yi magana a gabanta, ka cire mimorin ka saka a laftof ko waya ka kalla ka saurara da kunnenka, kar ka yarda da ɗan sikirin ɗinta kawai don komai kyau yake yi a cikinsa. Kuma ku yi magana a fili da mai kaya, kwana nawa ya ba ka in ta nuna matsala ka dawo da ita, a rubuta a risit.

Mimori kuwa, wallahi a nan na taɓa shan ɗacin da har yau ban manta ba. Wata walimar sauka ce, na tsaya a hanya na sayi kati an rubuta 64GB don nawa ya cika, na saka, kyamara ta karɓa, ta yi ta ɗauka awa uku ba ta yi ƙorafin komai ba. Da na dawo gida zan kwashe sai na tarar awar farko ce kawai take buɗewa, sauran sunayensu suna nan amma babu komai a ciki, ashe katin 8GB ne aka yi masa dabara yake nuna 64. Abin da ya ɓata har da inda kakan yaron, tsoho mai shekaru, ya dafa kansa yana yi masa addu'a muryarsa tana rawa. Na je na ba su haƙuri na mayar da kuɗinsu, suka ce ba komai ƙaddara ce, amma ni na san abin da na rasar musu ba ya sake dawowa. Tun daga ranar ba na saka sabon kati a kyamara sai na gwada shi. Akwai 'yar manhaja ta kyauta a kwamfuta mai suna H2testw, tana cika katin taf ta sake karantawa ta gaya maka ainihin girmansa, in ba ka da kwamfuta ka kafa kyamarar a gida ka bar ta ta cika katin har ƙarshe sannan ka buɗe bidiyon ƙarshe ka gani. Ka sayi SanDisk ko Samsung ko Kingston a wurin wanda ka yarda da shi, ka duba akwai alamar 10 a cikin da'ira ko U1 ko U3. Lissafinsa kuma ba wuya: a matsakaicin saiti na 17Mbps awa ɗaya tana cin kusan 8GB, kenan 32GB zai ba ka wajen awa huɗu, a babban saiti na 28Mbps kuma awa biyu da rabi. Ni na fi son kati biyu na 32 a kan ɗaya na 64, in ɗaya ya ba da matsala ba duka ka rasa ba. Kuma a cikin kyamarar za ka yi masa fomat, ba a waya ba. CX405 ƙaramin kati irin na waya take ci, Canon da Panasonic ɗin da na ambata babba suke ci.

To sai sauti, wanda shi ne mutane ba sa tunawa sai bayan an gama. Zum yana jawo hoto amma ba ya jawo murya. Kana baya ka cika sikirin da fuskar yaro yana karanta farkon Baƙara, abin da makirfon kyamarar yake ji kuwa hirar mutanen da ke kusa da kai ce da kukan jariri da ƙarar janareta. Bayan shekara goma in kuka zauna kallo, hoto mai ɗan yashi kowa zai haƙura da shi, amma karatun da ba a ji ba ya tafi kenan. Shi ya sa nake ta nanata ramin makirfo. In kyamararka ba ta da shi ga dabarar da ba ta cin kuɗi: ka sami wata waya ka kunna rikoda ka sa ta a yanayin jirgi don kar kira ya katse, ka ajiye ta kusa da inda yaron zai zauna, ko ka sayi ɗan makirfon maƙalawa a riga ka jona mata ka saka a aljihunsa. Kafin a fara ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarar, wannan tafin shi mai haɗa maka zai bi ya daidaita murya da hoto. A wajen biki kuma matsalar akasin haka ce, kar ka tsaya a gaban sifikar DJ, sautin zai fashe ya zama ƙara kawai, ka koma gefe ko bayanta. Lokacin hunturu in a waje kake iska tana bugun makirfo, ɗan soso ko guntun yadi mai gashi da ka liƙa a kan ramukan makirfon yana rage wannan bugun sosai.

Ƙafar kafawa, wato tirayfod, ko mai araha ce ka saya, kusoshinsu duk girma ɗaya ne kowace kyamara tana hawa. Hannun mutum ba ya iya riƙe zum 30x ba rawa komai ƙarfinsa, kuma awa uku ba wasa ba ce. In ka kafa ta ka samu damar zama ka ga saukar ɗanka da idonka, ba ta cikin sikirin ba. Kuma don Allah ka rage wasa da zum, sabon mai kyamara ka gan shi yana ta jawowa yana turawa har mai kallo ya ji jiri, ka jawo inda kake so ka tsaya ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka motsa. Batir na biyu ko ba orijina ba ne zai yi, sai dai ka gwada shi a gida don wasu kyamarorin suna ƙin karɓar wanda ba nasu ba, kuma ka san ba zai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. In wacce ka samu tana caji ta USB ka gwada ko za ta yi ɗauka tana jone da fawa bank, in ta yi ka huta da fargabar ɗauke wuta.

Wajen bikin ƙanwarka akwai abin da nake so ka kiyaye, ba na na'ura ba ne. Ranar kamu da zaman cikin gida taron mata ne, wasu sun sake sun ajiye mayafi don sun san babu namiji, ka ba wa matarka ko wata 'yar'uwa mai hankali kyamarar ta ɗauka, ta kuma sanar da su ana ɗauka. Bayan nan katin kada ya yi yawo hannu-hannu, kada a kai shi shago a bar shi a ce a tura a waya, ka zauna a kwashe a gabanka. Na ga gidajen da zumunci ya yi tsami a kan bidiyon da ya fita ba da sanin masu shi ba.

Kula da ita ba wani abu ne mai wahala ba. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarta, in ba ka ɗauka ka rufe gilashin ka saka ta a jaka, kar ka goge gilashi da bakin riga don ƙurar nan yashi ce tana karce shi, ka fara hure ta da 'yar robar hura iska sannan ka goge da ƙyallen tabarau. Kar ka bar ta a mota a rana. In za ta daɗe a ajiye ka cire batirin, kuma duk wata ɗaya ko biyu ka kunna ta ka ɗan ja zum.

In an gama taro, a daren ko washegari ka kwashe. Idan a tsarin AVCHD ka ɗauka, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, za ka ga wata folda mai suna PRIVATE a cikin katin, ka kwafe ta gaba ɗayanta yadda take, kar ka shiga ciki kana tsintar fayil ɗaya-ɗaya, don dogon ɗauka kyamarar tana yanka shi gida-gida kuma bayanin yadda za a haɗa su yana cikin foldar. Fayilolin suna ƙarewa da MTS, in kwamfutarka ta ƙi buɗewa manhajar VLC tana buɗe su. In kuma ka san a waya za ka fi amfani da shi to tun farko ka saita kyamarar a MP4, ya fi sauƙin turawa. Ka ajiye a wuri biyu, laftof da wani hard disk na waje ko fulash mai kyau, ɗaya ma ka kai gidan wani ɗan'uwa, ka rubuta wa foldar suna da kwanan wata. Wanda za ka tura wa dangi a WhatsApp ka san matse shi yake yi ya rage masa kyau, in kana so ya isa yadda yake ka tura shi a matsayin dokumen, kuma kar ka goge katin sai ka buɗe kwafin ka kalli farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa.

In ka je kasuwa ka samu guda biyu ko uku da kuɗinka ya kai, ka rubuto min lambobin da ke jikinsu da abin da aka ce maka a kan kowacce, sai in gaya maka wacce za ka ɗauka. Ka dai yi ƙoƙari ka saye ta ko da sati biyu ne kafin saukar, ka yi ta gwaji a kan yara a gida da rana da daddare har hannunka ya saba da inda maɓallan suke. Allah ya kai mu ranar lafiya.